Hannun Inna

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Mabera sai godiyar Allah.

Ban gane girman ciwon Inna ba sai ranar da na ba ta kunu a cokali. Ta shaƙe, kunun ya dawo ta hanci, ta kalle ni tana hawaye. Likita ya ce shanyewar ɓarin jikin ta taɓa mata haɗiya, ko ruwa na iya faɗa mata huhu. Sai suka sa mata roba ta hanci har ciki. Yanzu ni ke tace kunu in tura mata da sirinji. Nakan yi bisimilla da ƙarfi, ita kuma ta motsa leɓe.

Yaya, robar tana damunta. Da hannunta mai lafiya take fizge ta, mayarwa kuma azaba ce. Ma'aikaciyar jinya ta ce, “Ki ɗaure hannun da ɗankwali, diyata, taimakonta za ki yi.” Na ɗauko ɗankwalin, na kasa. Hannun nan da shi kaɗai take jan carbi.

Likita ya ce ana iya ƙaramin aiki, a sa robar ta fatar ciki, hanci ya huta. Ni kaɗai ba zan yanke wannan ba, kai ne babba.

Ka gaida Kawu Sani. Ku sa ta a addu'a. Har yau ban ɗaure ba, kuma ban ba likita amsa ba.

Ƙanwarka,
Asabe