Ƙwayar da na saya wa abokin da ba ni da shi

Zuwa ga Shugaban Masu Shagunan Magani na yankin Gaya da Ajingi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu kemis da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ni manomi ne a Gafasa, uban 'ya'ya bakwai, wanda boko ya sallama tun aji biyar. In ka ga rubutu ya karkace, hannun fartanya ne. In kuma ka ji kamar ina dariya, dariyar nake yi, don kwanan nan ko akuya ce ta ci min danga sai in ce mata sannu da aiki. Amma kukan da na kawo maka na gaske ne.

Maganar ta manya ce. Bara waccan ƙarfina na ɗa namiji ya ɗauki halin wutar lantarki: ya leƙo yau, gobe sai labari. Uwar 'ya'yana, wadda muka haura shekara ashirin tare, ba ta ce min uffan ba. Sai dai na ga ta shiga sayen turare da lalle da kuɗin cinikin ƙuli-ƙulinta, tana zaton ita ce ta tsufa a idona. Wannan shi ya fi ci min rai, shi ya kai ni shagon wani ɗan ƙungiyarku.

Na ɗaya, benci. Na tsallake duk kemis ɗin da ke kusa na tafi kasuwar Gaya don kada a gane ni. Ina isa na tarar da benci manne da kanta, cike da maza ana musun ƙwallo, har da surukin ƙanena. A gaban waɗannan zan buɗe baki? Nan take na haifi aboki a Toranke, na ce shi ya aiko ni sayen maganin ƙarfin maza. Mai shago ya ce, "Shekararsa nawa, Baba?" Na ce talatin da 'yan kai, lafiyayye kamar ingarma. Ƙarya dai in za ka yi ta, ai ka yi mai kyau. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Ya sa almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daga kati, ya ƙunshe a takarda kamar daddawa. Ba kwali, ba bayani, ba inda zan ga ranar lalacewa.

Na biyu, ba wanda ya gaya min yadda ake sha. Ni a hankalina, mai shirin aiki sai ya ci ya ƙoshi. Na share malmala uku ta tuwon dawa da man shanu yana iyo a miya, na kora ƙwaya, na harɗe hannu na ɗaure fuska ina jira kamar mai jiran mota a tasha. Motar ba ta zo ba. Sai daga baya na ji cewa abinci mai maiƙo yana danne ta, tana son kamar awa guda, kuma ba ta ƙirƙiro sha'awa. Sai mutum ya saki jiki ya yi hira da iyalinsa. Ni kuwa fargaba ce ta cika min ciki, ta haɗu da tuwo. Sauran ƙwayoyin na ɓoye su a naɗin hula, na yi ta yawon gona da su, rana na dafawa gumi na jiƙawa, har suka koma kamar garin alli.

Na uku, kuma nan ne na fi jin haushi. Da na koma na ce abokina bai ga aiki ba, mai shago ya sake yanko min wasu, ya ce to ya haɗiye biyu. Benci kuwa ya zama asibiti. Wani ya ce a haɗa masa da ruwan kwalbar masu tallar magani da lasifika, wani ya rantse ɗaure shi aka yi. Abokina ya yi suna. Duk ranar kasuwa sai an tare ni, "Yaya mutumin Toranke?" Har wani dattijo ya aika masa da rubutu a gora, kuma ni na shanye. Ran da na haɗa ƙwaya biyu da ruwan kwalba, kaina ya ɗauki kiɗan kalangu, na miƙe zan ɗauki buta, sai ƙasa ta taso ta same ni.

Uwar 'ya'yana ce ta ceci raina. Ta ce ta daɗe tana ganin kiyashi na taruwa a makewayi, ga ni ina shan ruwa kamar raƙumi ina ramewa. Ta sa mayafi ta tasa ni gaba sai asibiti. Can ma na fara kawo zancen abokina. Likita ya saurare ni tsaf, ya ɗaura min awon jini, ya tsire min yatsa, sannan ya ce, "Baba, ka gaya wa abokin naka yana da ciwon suga, jininsa ya hau, kuma yau rigarka ya aro."

Ya yi min bayani da harshen da zan gane. Suga da hawan jini suna toshe jijiyoyi kamar yadda laka ke cike kwalbatin lambu. Ko wane inji ka tayar, ruwa ba zai kai ga albasa ba. Ya ce sau da yawa raunin nan ɗan aike ne, ciwon da ke ciki ne yake sallama. Ya ce kuma mai shan wani maganin ciwon zuciya in ya haɗa da ƙwayar nan, jininsa kan faɗi warwas, wani ba ya tashi. Ranka ya daɗe, wata nawa na yi ina rufe bakin ɗan aike da ƙwaya, ciwo na cin jikina?

Yanzu ina shan magani a kan ƙa'ida, shayina ya zama salam, na rage tuwo, kuma ƙwayar ma likita ne ya rubuta gwargwadona. Ba zan faɗi sakamako a takarda ba, 'ya'yana sun iya karatu. Abin da zan ce kawai, ana waƙa a tsakar gidana lokacin tankaɗe. Abokina na Toranke kuwa, na sanar da benci ya ƙaura Kudu.

Laifina na ɗauka, ni na yi ƙarya. Uwar 'ya'yana ma ta ce ba raunin ne ya ƙona mata rai ba, a'a, yadda na kai zancen kasuwar Gaya ita kuwa na bar ta tana zargin kanta. Na ba ta haƙuri. Amma ku ma da naku kason.

Don haka ina roƙo. A ja benci nesa da kanta, yadda dattijo zai yi magana ba da 'yan kallo ba. A daina yanko ƙwayar nan a miƙa ba bayani, kuma a san inda aka saro ta. In mutum ya ce ba ta yi aiki ba, kada a ce ya ƙara, a ce ya je a auna jini da suga. In kuma mai furfura ya zo da zancen aboki, a ja shi gefe cikin mutunci a tambaye shi lafiyarsa shi kansa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a cinikinku, ya sa ku zama sanadin waraka. Na san in takardar nan ta fita, gobe majalisa za ta gasa ni, duk da haka ga sunana na gaskiya, wanda aka raɗa min da rago.

Wassalam.

Naka,
Ɗanladi Mai Gyaɗa, Gafasa.