Ruwan Zafi Jikin Katangar Kalilu

Sabon Birni

Zuwa ga aminina Jibrilla, mai kayan famfo, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya kasuwa? Layin waya bai tafiya nan, shi ya sa na ba direba wagga takarda.

Gidan da nike ginawa a Isa, bisa kangon mahaifina, ya kai rufi. Bohol ya ba da ruwa, sola ta hau. Saura tukunyar ruwan zafi. Na ga iri biyu a Maraɗi, wata da tanki bisa rufi, wata rufaffiya da ba ta da mashaƙa. Ka sani ban wuce aji uku ba, albasa ta yi mani sauran karatun, don haka ka bayyana mani da Hausa. Kuɗi ba su ne magana ba. Wadda ruwanta ya fi ƙara in ya faɗa bokiti, ita nike so.

Ka gaida Hajiya.
Naka, Alhaji Na'Allah Yari

*

Sakkwato

Alhajin Allah, sarkin albasa,

Wa alaikumus salam, mun gode Allah. Tun da nike sai da kayan famfo ba a taɓa tambaya ta tukunya mai ƙara ba. Wanka za ka yi ko kiɗa?

Mai tanki tana da sauƙi, ruwa na saukowa da nauyinshi, sannu sannu. Rufaffiyar kuwa daga injin bohol take sha kai tsaye, ruwa na fita da ƙarfi har ya tsiri fata. Amma tana da sharaɗi. Inji zai riƙa ja sosai, ga shi damina ta yi gardama, rijiyoyin maƙwabta na iya ji a jikinsu. Kuma tana da bututun tsaro da ke zubda ruwa in zafi ya yi mata yawa. A fitar da shi waje inda ido ka gani, ba inda ƙafa ka bi ba. Kai da kake kwana Isa jefi-jefi, ƙarama ta ishe ka.

Allah shi bar zumunci.
Jibrilla

*

Sabon Birni

Jibrilla, bayan gaisuwa,

Rufaffiyar za ni saye, kuma babbar. Maƙwabcina guda ne, Kalilu ɗan baffana, kuma don shi nike yi.

Ba ka san Rahmatu ba, matata ta fari. A shekarar babban fari, fiye da shekara ashirin ke nan, ta haihu, lokacin ina ɗan dako, ban da ko jaki. Rijiyar Kalilu kaɗai ke da ruwa a unguwa. Na je da tulu neman ruwan wankan jego, na iske ya sa mata murfi da kwaɗo. Yana zaune bisa tabarma yana sakace, ya ce, "Ƙane, shanu ma ba su ƙoshi ba." Gaban mutane ya faɗi, har wasu sunka yi dariya. Daga gulbi na riƙa ɗaukowa bisa kai, rabi ya zube a hanya, sauran bai isa a tafasa ba. Jikinta ya kumbura, ba ta ga arba'in ba.

A kafa banɗakin jikin katangarshi. Bututun tsaro kuwa a kai shi can sama, ya kalli zaurenshi. Ka ce inda ido ka gani, to idon Kalilu nike nufi.

Sai na ga ma'aikatanka.
Na'Allah

*

Isa

Ƙanena Na'Allah,

Ina yi maka sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya kai da iyali. Jikata Maryamu ke rubuta mani, idona ya yi rauni.

Abin da kake so ya samu. Rijiyar Kalilu ta ƙafe, guga sai laka take kawowa. Shanun ya sai da su a Bafarawa, guda ta rage, ita ma ƙashi ce. Ranar da munka gwada famfonka yana zaure, ya tashi ya shige ciki bai gama alwala ba. Bututunka na ɗiga, har ciyawa ta fito wurin, ita kaɗai ce koriya a unguwa. Nan yake zama yana dubanta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗiyarshi Tasalla ta zo gida haihuwar fari, ta sauka jiya, namiji. Babu ruwa, babu icce, daji kuma ba ya shiguwa. Da ɗan abin da ke randata munka yi mata wankan farko. Ƙafafunta sun fara nauyi, Na'Allah, na taɓa da hannuna, kuma ni na riƙa taɓa na Rahmatu.

Kalilu ba zai roƙe ka ba, ka san shi. Ni ke roƙo. Yarinyar nan ba a haife ta ba sadda anka yi abin. Kullum ta gan ka sai ta durƙusa ta ce Baffa. Gidanka na kulle, ka aiko da makulli mu ɗebo mata ruwan zafi.

Allah shi sanyaya maka zuciya.
Yayarka, Hajo

*

Sabon Birni

Yaya Hajo,

Na amsa sallama, Allah shi raya abin da anka samu.

Ga makulli nan hannun direba. A yi ma Tasalla wanka yau, kar a jira gobe, safe da marece har ta yi arba'in. Tukunyar babba ce, ba ta ƙarewa. Na sa buhun gero da kanwa a motar, na kununta ne.

Amma ba mata za su ɗebo ba, ba ƴan aike ba. Kalilu da kanshi, bokiti bisa kai, ta ƙofar gaba wadda ke kallon masallaci. Ke za ki buɗe mashi famfo, ki buɗe shi duka.

In ya tambaya ko na ce wani abu, ki ce na ce a gaida shanu.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Na'Allah