Gwiwar da Ta Ƙi Durƙuso

Holan, Janairu 1976

Zuwa ga Yaya Dattijo, Kura,

Gaisuwa mai sanyin ruwan Tiga. Ina fatan Inna da yara suna lafiya.

Kwas ɗin noman rani yana tafiya, santsin ƙanƙara ne dai ya taɓa mini gwiwa. Likitan 'yan ƙwallo, mai binciken jijiyoyin gwiwa, ya yi mini aiki, ya tambayi wasan da nake marmarin komawa. Na ce durƙuso gaban mahaifiyata. Ya ce da wuya gwiwar ta sake lanƙwasuwa sosai.

Da na lumshe ido sai in gan ni gurfane ƙofar ɗakinta, iska tana shafa alkamar gona, Inna tana sa mini albarka.

Yaya, ka lallashe ta tun yanzu. In na gaishe ta a tsaye, kada ta ce Turai ta ɓata mata ɗa.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Lukmanu