Shirun da Na Yi a Faifan Lucius

Talata, 8 ga Afrilu, 1958

Lucius Drummond ya kira ni a waya har wurin aiki. Wai yana so in busa saksofon, kahon nan nawa mai lanƙwasa, a faifansa na farko, mako mai zuwa. Na ce ko lamba ya kuskure. Shekarata goma sha ɗaya rabona da ɗakin ɗaukar faifai, yanzu daga rarraba wasiƙu a gidan waya sai kiɗan biki ran Asabar. Ya ce, "Baba Fonzo, kai ɗin nake so."

Yaron da na koya wa riƙe kaho a bayan cocinmu yana majina. Ga matasan makaɗan jaz nan cike da unguwar Harlem, yatsu kamar wuta. Me zai yi da ɗan shekara hamsin da biyu? Tausayi ne, ina jin.

Matata Odessa ta ce, "Tausayi ko ba tausayi ba, ka je. Na gaji da jin labarin da can."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na ce wa Lucius ya aiko mini da takardun kiɗan in yi bita. Takarda ɗaya ya aiko, layi huɗu. Na juya bayanta, fari fat. Na kira shi na ce ina sauran? Ya ce ai shi ke nan. Wace irin waƙa ce ba a rubuta inda za ta juya ba?

Laraba, 16 ga Afrilu

An yi. Ko in ce sun ce an yi.

Ƙarfe biyu na rana, wani tsohon ɗakin rawa a hawa na biyu. Mu biyar: Lucius da kahonsa, mai piyano, mai bas (babban gogen nan mai kaurin murya), mai ganga, sai ni. Duk na girme su da shekara ashirin. Lucius ya ce, "Mu ɗan taɓa mu ji." Na ɗauka gwaji ne.

Waƙa ta uku ce ta kashe ni. A hankali take tafiya, ba ta da kwana ko ɗaya da zan riƙe. Da aka zo kaina na fara lafiya, can tsakiya sai na nemi inda nake na rasa. Ɓata na yi, ɓata sosai, irin wanda ko ina yaro ban yi ba. Na tsaya da kaho a baki, zufa na bin bayana, ba abin da nake ji sai bas da ɗan goga ganga. Ban san tsawon lokacin ba. Don kunya na busa sauti ɗaya na ja shi, na ƙara wani, na lallaɓa na fita.

Na ce, "Ɗana, a yi haƙuri, mu sake." Lucius ya dubi baturen da ke ɗaukar faifan a bayan gilashi ya ce, "Ka ɗauka?" Ya ɗaga babban yatsa. Shi ke nan, wai a shiga ta huɗu.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa har na wuce tashata.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Za su yanke wurin. Dole su yanke.

Asabar, 6 ga Satumba

Faifan ya fito. Ba su yanke ba.

Ga sunana a baya, Alphonso Merriweather, an rubuta daidai. Odessa ta ɗora shi a garmaho tana dafa wake da shinkafa. Da aka kusa wurin na tashi na shiga banɗaki na saki famfo.

Juma'a, 12 ga Satumba

A shagon aski, Eustace wanzami ya tare ni da jarida yana karantawa da ƙarfi don kowa ya ji. Wani mai sharhin kiɗa ya rubuta cewa shirun Merriweather a waƙa ta uku shi ne abu mafi ƙarfin hali da aka ɗauka a faifai bana. Wai dattijo ne da ya san abin da bai kamata a busa ba.

Eustace ya ce, "Kai Fonzo, shekara talatin kana busa ba wanda ya kula, ran da ka rufe baki ka yi suna! Da ka tambaye ni, ai da tuni na faɗa maka." Shago ya ɗauki dariya. Ni ma na yi.

Asabar, 20 ga Satumba

Wasu ɗalibai biyu daga makarantar kiɗa sun tsare ni a ƙofar gida. Ɗaya ta ce ta ƙirga shirun, ta auna shi, tana so ta san me nake tunani a lokacin. Na ce mata ina tunanin mahaifiyata. Ƙarya. Ta rubuta a littafinta.

Na kasa cin abinci. Ban taɓa sata ba, amma haka ɓarawo yake ji, ina tsammani.

Laraba, 24 ga Satumba

Na samu Lucius a gidan shan kofi na bakin titinsu, na faɗa masa duka. Na ce ɓata na yi, ban san komai ba, ya gaya wa ɗan jaridar nan ko ni in gaya masa.

Ko kofinsa bai ajiye ba. Ya ce, "Na sani, Baba. Ina kallon fuskarka ai, kamar wanda ya haɗiyi ƙashi."

Na ce to don me ka bar shi?

Ya ce, "Da na kira yaran nan, ko sun ɓata ba za su tsaya ba, sai su cika wurin da gudu. Kai ka tsaya ka saurara. Sautin da ka dawo da shi fa, wa ya ba ka?"

Na ce tsoro.

Ya ce, "To, tsoro ya iya busa."

Ban sani ba ko yabo ne ko raini. Yana so in hau dandali da su a watan gobe. Na ce ba zan iya ɓata da gangan ba. Ya yi dariya har da tari.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na gaya wa Odessa. Ta ce ita ba ta san ɓata ba, ita dai duk lokacin da aka zo wurin sai ta ajiye ludayi. Na ce kin ji abin da na ce kuwa? Kuskure ne. Ta ce, "Na ji. Miƙo gishiri."

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ba kowa a gida. Na saurari wurin nan a faifan, karon farko. Shirun bai kai tsawon da na zata ba. Kuma mai bas yana wani abu a ciki mai kyau ƙwarai, wanda ran nan ban ji ba sam. Ko na ji?

Asabar, 18 ga Oktoba

Bikin aure da rana a unguwar Brooklyn, tare da tsofaffin abokan kiɗana, waƙoƙin da na sani kamar tafin hannuna. A tsakiyar busata na sauke kahon kaɗan. Ban ɓata ba, na san inda nake sarai. So na yi in ji abin da Horace mai piyano yake yi, shekara tara muna tare. Shugabanmu ya harare ni, amarya ma ba ta lura ba.

Da aka tashi Horace ya ce, "Lafiya, Fonzo? Numfashi ne?" Na ce e, tsufa.

Ban ce na gane kiɗan yaran nan ba. Ban gane ba. Na dai kira Lucius na tambaye shi ƙarfe nawa ne bitar ran Talata, ta hawa dandalin nan.