Sabuwar Waifar Baffa

Tudun Wada,
Farkon damina.

Zuwa ga Yayana Muhuyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mansura da jaririyarmu Hamdiyya. Ya aiki, ya zaman Legas? Inna tana gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran hoton da kuka yi alkawari.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Ka san kunnen Baffa, ko a bayan ɗaki na tsaya ina raɗa sai ya ji. Shi ya sa na rubuta na ba Mujitaba mai motar masara ya kawo maka.

Maganar waifar motar Baffa ce, kuma kada ka yi dariya. Ka tuna al'adarsa: da rani ya shiga sai ya cire robobin share gilashin nan, ya naɗe su a tsumma ya tura ƙarƙashin gadon Inna don kada rana ta soye su, sai an yi ruwan fari ya mayar. Bana ya mayar, ya kai fasinja Doguwa ya dawo, ya ce sun mutu, ba sa sharewa sai dai su shafe masa gilashi. Ranar Asabar ba ni da makaranta, na bi shi Kwanar Dangora sayen sababbi.

Da ka ga yadda ya wahalar da mai shagon. Ya tafi da tsofaffin a hannu, ya jera kowace da sabuwa don ya gwada tsawo, domin ta wajen direba ta fi ta wajen fasinja. Ya duba ko bakinta zai shiga ƙugiyar motarsa. Ya bi robar da babban yatsa daga sama har ƙasa, wadda ya ji ta yi tauri ya ture, ya ce wannan ta sha rana a rataye. Da ya zaɓa, ya shimfiɗa tawul a kan gilashi kafin ya ɗaga ƙarfen, yana faɗa mini, kamar ni zan gaje shi, cewa ƙarfen da ba roba in ya kuɓuce ya faɗo, gilashin ne zai tsage. Ya zura sabuwar ya ja har ta ce ƙas. Na zuba ruwan buta, ya kunna.

Yaya, gilashin nan fes ya fita. Amma Baffa ya matso da fuskarsa har kusa da sitiyari, ya daɗe, sannan ya ce har yanzu da hazo, jabu aka ba shi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, da mai shagon ya miƙo masa hannu ta hagu don su yi sallama, Baffa bai karɓa ba. Mutumin ya zaci fushi ne. Ni ina tsaye, na san bai ga hannun ba ne. Ina jin tsoro, ban kuma san wa zan faɗa wa ba in ba kai ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Suwaiba.

Tudun Wada,
Tsakiyar damina.

Yaya Muhuyi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Da fatan Hamdiyya ta warke daga murar. Inna lafiyarta ƙalau, tana gaisuwa.

Saƙonka ya iso, kuma gaskiya ka ɓata mini rai. Na rubuto maka tsorona, ka amsa mini da cewa za ka aiko da waifa mai kyau daga Legas. Kai da Baffa halinku ɗaya, ba kwa jin abin da ba ku so ji ba.

Tun waccan takarda ya sake sayen wasu a Bebeji, ya ce su ma banza ne. Ya aiki Ukasha, direban nan maƙwabcinmu da ya koyi mota a hannunsa, ya sayo masa wasu daga Kano. Ya wanke gilashin da sabulu, ya goge da jarida, har ya fara cewa gilashin ne ya tsufa. Yanzu ƙarƙashin gadon Inna cike yake da robobin da ba abin da ya same su.

Makon jiya na bi shi Riruwai wajen sunan 'yar ƙawata. A dawowa, da la'asar, ana yayyafi, mun kusa Burumburum sai ga shanu suna tsallaka titi. Ni ina ganinsu tun daga nesa, farare tas. Baffa bai rage gudu ba sai da fasinja suka ɗauki salati. Allah ya tsare, mota ta tsaya dab da wata saniya. Mai shanun, wani dattijo, ya leƙo ya ga furfurar Baffa, sai kawai ya ce masa sannu. Baffa ya fita cikin ruwan yana shafa robar da hannu, yana cewa kun gani ko, ita ce.

A gida na cire kunya na ce masa idonsa ne. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ture kwanon tuwo ya tashi. Bayan ya fita Inna ta ce ai ta daɗe da sani, tun bara take ajiye masa buta da takalmi a wuri ɗaya kullum. Ukasha ma ya ce duk tasha an lura, amma wa zai kalli mutumin da ya koya wa rabinsu tuƙi ya ce ya sauka? Kowa ya yi shiru don girmamawa, shi kuwa kullum yana ratsa dajin Falgore da rayukan mutane a bayansa.

Na samo dabara. Na ce masa idona yana ciwo saboda ƙurar allin da nake koyarwa da shi, ina so ya raka ni asibitin ido a Kano. Ya yarda nan take, har yana yi mini faɗan karatu ba fitila. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Suwaiba.

Tudun Wada,
Ƙarshen damina.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya duka. Mu ma da godiya, yadda Allah ya so.

Mun je asibitin. Da likita ya gama da ni na roƙe shi ya duba Baffa tun da ga shi ya zo, shi kuwa ya zauna bai musa ba, ina jin ya gane tun a hanya. An ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. An ba shi maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage, ba a kuma yi mana alkawarin zai daɗe ba. Tuƙi kam an hana. Ukasha da ya raka mu ne ya ja mu zuwa gida, Baffa yana gefe.

Kwanaki ya yi mota tana ƙofar gida bai taɓa ta ba. Sai jiya Mujitaba ya kawo saƙonka, waifar nan ta Legas a kwalinta. Na so in ɓoye, amma ya ji ƙarar leda ya ce in miƙo. Ya bi robar da yatsa ya ce wannan kam ta ƙwarai ce, Muhuyi ya iya zaɓe. Hadari ya haɗo bayan azahar, ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita. Ko kallon ƙarfen bai yi ba, da hannu kawai ya cire tsohuwar ya zura sabuwar, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ƙas.

Ruwa ya sauko. Ya shiga wajen direba, ya ce in zauna kusa da shi, ya kunna. Muka zauna muna jin robar tana kai da kawo ba ko ƙara. Can ya tambaye ni ko tana sharewa. Na ce tana sharewa, Baffa. Ya ce me nake gani. Na ce ga bishiyar mangwaro, ga akuyar Inna ta raɓe jikin katanga, ga Ukasha tafe da buhu a ka. Ya bar ta tana ta aiki, sannan ya kashe, ya ce, "To, ashe ba roba ba ce."

Na yi kuka, Yaya, bai hana ni ba. Da Ukasha ya iso, Baffa ya miƙa masa makulli, ya ce ya ci gaba da jigilar Doguwa da motar, amma da rani ya shiga ya cire robobin ya kawo wa Inna ta ajiye.

Yau da safe ya tambaye ni wa Hamdiyya ta ɗauko, kai ko Mansura. Na nuna masa hoton a waya, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce sai dai in ta zo. Kada ka aiko da komai kuma. Ka nemi hutu ka taho da ita, ya ga fuskarta tun da sauran gani.

Inna tana gaishe ku. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Suwaiba.