Ban Binne Taemuk Ba Tukuna

Yaya Bongsun,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon gwiwa? Yaya Inna? Kada ki bari ta yawaita kuka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, kin san da furfurata na koya.

Ni lafiyata ƙalau a nan Koje. Ina wanke-wanke a wani gidan abinci kusa da inda ake ƙera jiragen ruwa. Tarin ma da sauƙi. Ki dai aiko mini da rigar sanyina.

Taemuk yana ɗakin ajiye gawa har yanzu. Ba zan binne ɗana ba sai Manaja Pyo na kamfanin jiragen ya faɗa da bakinsa cewa shi ya tura shi cikin tankin jirgi tun iskar guba ba ta fita ba. Su kuwa sun ce wai sakacin yaron ne ya kashe shi. Yaron da ko murhu ba ya bari a kunne!

Kullum da safe ina ƙofar kamfanin riƙe da hotonsa. Jiya Pyo ya fito daga mota, sai na durƙusa masa, goshi har ƙasa. Ya yi murmushi, ya zaci na sauko. Na miƙe, na sake durƙusawa.

Mai gadi ya ce, "Haba Iya, ai gawa ake yi wa sau biyu!"

Na ce, "Ɗan nan, karatu na makara ban koya ba, ba ladabi ba."

Yau ta ƙofar baya Pyo ya shiga. Gobe can zai same ni.

Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanwarki,
Malsun