Na Raya Surukata a Cikin Wasiƙa

Ki taimake ni, 'yar nan, kafin a ji kanmu ni da ƙanwar mijina. Aji huɗu na tsaya, rubutuna kamar kaza ta yi tono, sai ki bi shi a hankali.

Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, lokacin yaƙi, aka kwashi maigidana da sauran direbobin soja aka yi gaba da su. Ya bar ni da goyo, da uwarsa, da ƙanwar nan tasa da nake kira Jan Biro, don malamar makaranta ce, kuma har gobe ko gaisuwa ka yi mata sai ta tono kuskure a ciki. Duk Laraba mu matan bariki muke kai wasiƙunmu wani ɗan ofis a bakin ƙofa. Akwai wani kofur mai tumbi a wurin, shi ke buɗe kowace takarda ya karanta kafin ya jefa a buhu. In ya ga mutuwa ko ciwo, sai ya miƙo miki abarki, wai kada a karya wa maza zuciya a bakin daga. Haka duk muka ƙware: akuya ta haihu, yaro ya yi haƙori, an toshe yoyon ɗaki.

Da damina surukata ta rasu, zazzaɓin kwana uku. Ni na yi jinya, ni na rufe mata ido, Jan Biro tana can tana jan biro. Kwana biyar da binne ta Laraba ta zagayo. Na ɗora takarda a kan keken ɗinkina, na rasa ta inda zan fara. Sai na rubuta masa cewa Inna ƙalau take, har ta bi zakaran maƙwabta da tsintsiya ta afka cikin bahon wanki, ta fito sharkaf tana zagin zakaran har kakanninsa. Na ce ta ƙwace mini madubi ta hana ni. Na ce tana gaishe shi, ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda sanyi. Shafi biyu cur. Wallahi ina rubutu ina dariya, ina share ido da haɓar zane.

Amsa ta zo, wai ya karanta wa abokansa labarin zakara har wani ya ƙware da ruwa, a gaida Inna da kyau. Bayan wata huɗu motarsa ta taka nakiya, ya rasu. Da akwatin kayansa ya dawo ina kwance ban san inda kaina yake ba, Jan Biro ce ta buɗe. Ashe wasiƙar tana aljihun rigarsa, ta yi laushi don ninkewa. Ta zare ta ɓoye. Ni duk shekarun nan na ɗauka ta salwanta.

Watan jiya jikokina suka je duba Jan Biro, don ƙafa ta kwantar da ita. Bakin dai ba abin da ya same shi. Sai ta ciro takardar daga gwangwanin biskit, ta ɗora tabarau a kan hanci ta karanta musu, sannan ta faɗa musu ranar da aka binne uwarta. Wai su ga irin kakar da Allah ya ba su, wadda ta bar mutum ya mutu bai yi wa uwarsa addu'a ko sau ɗaya ba, yana can yana dariyar zakara.

Ni da yaran nan ke cika mini ɗaki suna rububin jin labari! Babbar cikinsu, mai karatun jinya, ita ce 'yar ɗakina, ita nake tsokana da cewa ba mai kwasar ta sai makaho. Yanzu ina buɗe baki sai ta tambaye ni na gaske ne ko irin na zakara. Sati uku ke nan ba ta tako ƙofata ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Ita uwar iya rubutun, me ya hana ta rubuta masa? Hannunta ne ya karye? Na riga na shirya: zan je dubiya, in zauna ina yi mata sannu, tana dogarawa banɗaki in sunkuce takardata in cusa a wuta. Ki gaya mini, laifi ne mutum ya ɗauki abinsa?

Kakar Tara

AMSA

Kaka, ki ajiye mayafin, ba inda za ki tukuna. Ranar da kika ƙona takardar nan kin sa hannu a kan duk abin da aka faɗa wa jikarki, kuma kin ƙona abin da mijinki ya zaɓa ya ajiye a ƙirjinsa.

Ba zan rufe ki ba, ƙanwarsa tana da abin kuka. Uwa da wa ta rasa cikin wata biyar, kuma haƙƙin ɗa ne ya san uwarsa ta rasu. Kofur ya hana ki faɗin mutuwa, amma ba shi ya ba ki zakara da baho ba. Kina iya yin shiru a kan Inna. Wannan ƙarin naki ne, ki amsa shi.

Ita ma ta yi aika-aika. Ta danne wasiƙar da ba ita aka rubuta wa ba shekara hamsin, sannan ta zare ta gaban yara kamar wuƙa, ba ta ambaci kofur ba, ba ta ambaci wadda ta yi jinya ba. Tambayarki kuma tana nan daram: ita ma ba ta rubuta ba. Ina jin wannan ne ke nuƙurƙusar ta, kuma ɗora miki ya fi mata sauƙi.

Ki fara da jikarki. Ki kira ta ita kaɗai, ba zolaya, ki ba ta labarin yadda kika ba ni, har da hawayen, har da inda kika wuce gona da iri. Jinya take karanta. Ba za a daɗe ba wani mara lafiya zai kama hannunta ya yi mata tambayar da amsarta za ta kayar da shi. Kada ki matsa mata ta yafe a zaman farko.

Bayan nan ki je dubiyar tsakani da Allah, ki bar sunan tsokanar a gida. Ki faɗa wa ƙanwar mijinki kin san abin da ƙaryar ta hana yayanta. Ki nemi takardar da baki. In ta hana, a ɗauki hotonta a waya, kada ki yi kokawa da mai ciwon ƙafa. Ko ta karɓe ki ko ta juya miki baya, ku biyu kaɗai kuka rage da kuka san muryar Inna da tasa, kuma addu'ar da bai samu yi ba tana hannunku.

Allah ya jiƙansu, ya sanyaya zukatanku, ya dawo miki da jikarki.